A Amurka kuɗi kaɗai ba ya ba ka damar harbin dabbar daji

An daɗe ana cewa wai a Amurka in dai kana da dala, duk dabbar da ka ga dama sai ka harba. Ba laifin masu faɗa ba ne, in ka ji an sayar da takardar farautar ragon dutse guda ɗaya a gwanjo kan dala dubu ɗaruruwa dole ka zaci haka.

Amma irin waɗannan takardun 'yan kaɗan ne jiha ke warewa a shekara don tara kuɗi, kuma mafi yawan kuɗin kan koma wajen kula da dabbobin ne, ƙidaya da gyaran wurin shan ruwansu. Sauran takardun kuwa galibi ƙuri'a ake yi, mutum ya biya kuɗin nema ya jira, wani sai ya shekara ashirin sunansa bai fito ba, baƙo daga wata jiha kuma ya fi ɗan gida biya. Ko wanda ya saya a gwanjon ma dabba ɗaya tal aka yarje masa.

Tun 1937 akwai dokar da ta ce jihar da ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aikin za ta rasa tallafin tarayya.

In kana son tabbatarwa duba shafin intanet na ma'aikatar namun daji ta jiha kamar Montana ko Arizona, farashi da yawan takardu duk suna nan. Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.