Ƙin Cin Abinci a Ƙadangare Mai Gemu

Ƙadangare mai gemu, wanda masana kimiyya ke kira Pogona vitticeps, dabba ce mai rarrafe da asalinta yake a busassun yankunan tsakiyar Ostireliya, kuma masanin dabbobi Ernst Ahl ne ya bayyana ta a kimiyyance a shekarar 1926. Danginsu ɗaya da ƙadangaren da ke hawa katangun gidajen Kaduna, amma ya fi shi girma, domin tsawonsa yakan kai santimita 60 har da wutsiya, kuma yakan rayu shekara 10 ko fiye idan ya samu kulawa. Ƙin cin abinci na daga cikin matsalolin da masu kiwonsa suka fi gamuwa da su. Alama ce da ke nuna cewa wani abu ya lalace, ko a cikin jikinsa ko a wurin da aka ajiye shi, kuma sau da yawa wurin ne ke da laifi.

Jikin ƙadangare ba ya samar wa kansa ɗumi, saboda haka narkewar abincinsa ta dogara ne ga zafin da ke kewaye da shi. Yana buƙatar wurin shan zafi mai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas a gefe ɗaya na akwatinsa, da gefe mai sanyi na kimanin digiri 25 wanda zai koma idan zafin ya ishe shi. Mai kiwo a Kaduna yana iya ɗauka cewa zafin garin ya wadatar, alhali a watannin Disamba da Janairu sanyin hunturu yana ratsa ɗakuna, kuma idan aka ɗauke wuta fitilar zafin ta mutu ke nan. Ƙadangaren da jikinsa ya yi sanyi yakan daina ci, wanda kuwa aka ɗura wa abinci a wannan hali, abincin na iya ruɓewa a cikinsa. Don haka abin da ya kamata a fara ɗaukowa shi ne ma'aunin zafi.

Haske ma haka yake. Fatar dabbar tana haɗa bitamin D3 ne da taimakon hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, idan babu shi kuwa jiki ba zai iya amfani da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ba, sai ƙasusuwa su yi laushi, muƙamuƙi ya kasa tauna, ƙafafu su riƙa rawa. Gilashin taga yana hana wannan hasken wucewa, fitilar UVB kuma ƙarfinta yana raguwa cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci gaba da haskawa. A nan Kaduna tana da abin da masu kiwo a Turai ke nema da kuɗi, wato rana. Fitar da ƙadangaren da hantsi a cikin keji na waya mai inuwa a gefe, ana kallonsa saboda kyanwa da shaho, yana da amfani ƙwarai, amma kada a taɓa ajiye akwatin gilashi a rana domin zafin da ke taruwa a ciki yana kisa.

Ba kowane ƙin ci ne ciwo ba. Babban ƙadangare mai lafiya yakan rage ci lokacin da yake saɓa, ko kuma ya shiga dogon hutun sanyi na makonni, yana yawan barci ba tare da ya rame sosai ba. Sikeli ne ke raba wannan da ciwo: a riƙa auna shi kowane mako, idan ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, to lamarin ya wuce hutu. Ƙarami mai tasowa ba ya jure yunwa, kwana biyu ko uku ma sun isa a nemi likita.

Cututtukan da ke hana shi ci sun haɗa da tsutsar ciki, da ruɓewar baki, da maƙalewar ƙwai a jikin mace, da toshewar hanji sakamakon haɗiye yashi ko ƙwaron da ya fi tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren girma. Zurmawar idanu, da baƙin gemu (wato fatar maƙogwaronsa) da ya ƙi washewa, da jan ƙafafun baya, da jini a kashi, duk alamu ne na gaggawa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma yana da kyau a tafi da sabon kashinsa domin a duba shi.

Kafin a kai ga likita, ana iya ɗiga masa ruwa a kan hanci ya lasa, a miƙa masa gyare mai motsi da aka barbaɗa wa garin kalsiyam, ko dafaffiyar kabewa kaɗan. Ɗura da sirinji ba tare da umarnin likita ba tana iya tura abinci cikin huhu, maganin mutane kuma bai dace da shi ba. A guji ƙwarin da aka kamo inda ake fesa maganin ƙwari, musamman ma ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda guda ɗaya kan iya kashe shi. Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da yana da lafiya.