Wa ke da ikon goge guntun tsaron kwamfuta?

Kusan duk kwamfutar Windows da aka ƙera daga tsakiyar 2016 zuwa yau tana ɗauke da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM, domin tun wannan lokaci Microsoft ta wajabta wa masu ƙera injuna su sa shi. A wasu injunan guntu ne mai zaman kansa a manne kan babban allon ciki, ƙirar kamfanoni irin Infineon ko Nuvoton. A wasu kuma cikin furosesa yake, Intel na kiran nata PTT, AMD kuma fTPM. Aikinsa ajiye makullan sirri yadda ba za a iya kwafe su a fita da su ba. A nan Maradi yawancinmu ba mu san da zamansa ba sai a 2021, da Windows 11 ta fito ta ce ba ta hawa injin da ba shi da TPM 2.0. Da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kuwa, sai masu gyara suka dinga kutsawa cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin kafin Windows ta hau, suna neman guntun don su kunna shi Windows 11 ta samu hawa. A shafin da ake kunna shi, a nan kusa, akwai umarnin goge shi, kuma umarnin ba ya da ja da baya.

Gogewar ba ta taɓa ko fayil guda a diski. Abin da take yi shi ne sauya asalin sirrin da guntun ke haifar da makullan mai injin daga gare shi, sai duk makullin da aka ƙulla da tsohon sirrin ya mutu nan take. Kamar Alhaji ne ya cika sito da kaya a babbar kasuwa, ya rufe da ƙofar ƙarfen da ba ta ɓalluwa, sannan yaron shago ya kai makullin maƙera aka narkar. Kaya na ciki lafiya lau, ɓarawo bai samu ba, Alhaji ma bai samu ba. Idan diskin a kulle yake da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle diski da makullin sirri, injin zai tashi da shuɗin allo yana neman lambobin ceto guda 48, rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Lambar PIN ta shiga Windows da zanen yatsa su ma sun tafi, sai an shiga da kalmar sirri a sake kafa su. Wanda bai da lambobin nan 48, ko kamfanin Microsoft da kansa ba ya iya sake ƙirƙiro masa su.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne mutane da yawa ba su san diskinsu a kulle yake ba. Sababbin injuna sukan kulle kansu da kansu da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, kuma daga sigar 24H2 ta Windows 11 an faɗaɗa wannan tsari ga injuna masu yawa. Shi ya sa za ka tarar da ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tsaye gaban teburin mai gyara, kundin kammala karatunta na ciki, yana tambayarta:

"Malama, kina da lambobin nan da yake nema?"

"Waɗanne lambobi kuma? Ni ban taɓa sa mata wata lamba ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta sa ba, injin ne ya sa, ya tura lambobin cikin asusun Microsoft ɗin da aka buɗe ranar da aka saye shi. Sau da yawa kuwa mai shagon ne ya buɗe asusun da imel ɗin da ba wanda ya sake tunawa da shi.

To wa ƙa'ida ta ba ikon gogewa? Ƙa'idar farko ta masu guntun ce, ƙungiyar kamfanonin da ake kira TCG wadda aka kafa a 2003, kuma tsarinta na TPM 2.0 ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 11889 a 2015. A wannan tsari guntun ba ya karɓar umarnin gogewa sai daga hannu biyu. Na farko manhajar BIOS ta injin kanta. Na biyu wanda ke riƙe da wani izini na musamman, izinin da ake sake buɗe guntun da shi idan ya kulle kansa. Akwai kuma wani tanadi da nake ganin an yi hikima a cikinsa: mai riƙe da izini na biyu yana iya garƙame ƙofar gogewa gaba ɗaya, amma ba ya iya sake buɗe ta, sai BIOS. Wato a idon guntun, wanda ya mallaki BIOS shi ne babba.

Daga nan aka samo sharaɗin nan na cewa sai mutum yana gaban injin da jikinsa. Idan aka nemi gogewa daga cikin Windows, injin yakan mutu ya sake tashi, kafin Windows ta hau sai baƙin allo ya fito da gargaɗi, yana cewa a danna wani maɓalli don amincewa, F12 a yawancin injunan Dell, F1 a na HP, ko a danna wani don ƙi. Manufar ita ce kada muguwar manhaja ko wani can nesa ta intanet ya goge makullan mutum yana barci. Sai dai masu ƙera injuna sun bar zaɓi a cikin BIOS na tsallake wannan tambaya, saboda manyan kamfanonin da ke sarrafa dubban injuna daga nesa. Injunan tokumbo da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa da yawansu daga irin waɗannan kamfanoni suka fito, don haka ya kamata mai saye ya duba ko an bar tambayar a kunne.

Ƙa'ida ta biyu ta Microsoft ce. A da, mai injin yakan sa wa guntun kalmar sirri ta mallaka ya ajiye ta. Daga sigar 1607 ta Windows 10 aka daina haka: Windows ce ke karɓar ragamar guntun da kanta, ta ƙirƙiri doguwar kalma barkatai, ta jefar da ita. Abin da ya rage a matsayin shinge shi ne matsayin asusu. Duk mai asusun admin, wato asusun da ke da cikakken iko a kan injin, yana iya neman gogewa, mai asusu na gama-gari ba ya iyawa. Microsoft ta kuma rubuta gargaɗi biyu ƙarara a bayananta: kada ka goge guntun injin da ba naka ba, irin na wurin aiki ko na makaranta, sai da umarnin mai kula da injunan, kuma idan za a goge, a yi daga cikin Windows, kada a yi kai tsaye daga BIOS.

Sai wata doka ta musamman da aka ƙara daga sigar 1809, wadda masu kula da injunan ofis suka fi sani. A cikin manhajar tsaro ta Windows, ƙarƙashin sashen tsaron na'ura, akwai maɓallin goge TPM. Mai kula yana iya buɗe kundin dokokin injin da umarnin gpedit.msc, ko ya bi ta Intune, manhajar Microsoft ta sarrafa injuna, idan injunan a ƙarƙashin kulawar nesa suke, ya kunna dokar da ke kashe maɓallin. Daga nan ma'aikaci zai ga maɓallin ya dusashe, ko ya danna ba ya motsi. Kundin nan yana cikin Windows Pro da Enterprise da Education, babu shi a Home, kuma Home ɗin ce a kan injuna da yawa na kasuwa.

A nan ne nake da ja da masu ɗaukar wannan doka a matsayin an gama magana. Maɓalli ɗaya kawai ta kashe. Mai asusun admin har yanzu yana iya buga tpm.msc ya ga umarnin gogewa a gefen dama, ko ya buɗe PowerShell, tagar buga umarni ta Windows, ya rubuta Clear-Tpm. Wanda ba admin ba ma, idan BIOS ba ta da kalmar sirri, kashe injin kawai zai yi ya danna F2 ko F10 yana tashi, ya shiga ya goge. Dokar tana da amfaninta, tana tare hannun mai karambani da ya ga gargaɗi a allo ya kama danne-danne. Amma a ofisoshinmu, inda kontabul da sakatare da ɗan direkta da ke zuwa kallon bidiyo da yamma duk suke shiga da asusun admin guda, kashe maɓallin kwalliya ce kawai. Ofishin ONG ko kantin magani ko ɗan kasuwar da ke da lissafin bashi a injin, idan da gaske yake son tsare guntun, sai ya raba ma'aikata da asusun admin, ya sa wa BIOS kalmar sirri, ya bar tambayar amincewa a kunne. Kalmar BIOS ɗin kuma kada ta zauna a kan mutum ɗaya, don anformatisiyan yakan samu aiki a Yamai ya tafi da ita a kansa.

Duk da haka, tsare ƙofar gogewa rabin aiki ne, domin allon injin yakan ƙone ko babu wanda ya taɓa komai, musamman da irin ɗaukewa da dawowar wuta da zafin watan Afrilu. An canza babban allo, an canza guntu, sakamakon ɗaya ne da gogewa. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ina lambobin 48 suke. Na mutum ɗaya suna cikin asusunsa na Microsoft, yana iya ganinsu ko ta wayar hannu a shafin na'urorinsa. Na ma'aikata suna iya zama a rumbun asusun ma'aikatar, wato Active Directory ko Entra ID. Ana kuma iya buga su a takarda ko a sa a kile USB, in dai ba cikin jakar injin za a ajiye ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da injunan Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, wuraren da diskinsu ke kulle sai da suka nemo waɗannan lambobi inji bayan inji kafin su yi gyara. Wani ɗan abu da ke wahalar da mu masu haɗa allon rubutu na Faransa da na Ingila: a shuɗin allon nan, idan lambobi suka ƙi shiga daidai, ana iya bugawa da F1 zuwa F9, F10 kuma shi ne sifili.

Akwai lokutan da gogewa halal ce, har ma wajibi. A Oktoban 2017 aka bayyana wani rauni da ake kira ROCA a guntayen Infineon, wanda ya sa makullan da suke haifarwa ba su da ƙarfin da ake zato. Raunin ne ya shafi katin ɗan ƙasa na Estoniya kusan 750,000. Maganin a kwamfutoci shi ne sabunta manhajar guntun sannan a goge shi don ya haifi sababbin makullai. Haka idan za a ba wani ma'aikaci injin, ko za a sa Windows sabuwa fil. A irin wannan hali ana fara kwafe bayanai, a tabbatar lambobin ceto na hannu, a dakatar da BitLocker, sannan a goge. Windows za ta sake karɓar ragamar guntun da kanta idan injin ya tashi.

Inda ba a buƙatar gogewa amma ake yi shi ne wajen PIN. Guntun yana ƙirga kuskure: an yi 32, sai ya kulle, sannan ya riƙa yafe kuskure ɗaya duk minti 10 matuƙar injin na kunne. Yaro ya yi wasa da injin ya kulle shi, maganin haƙuri ne, a bar shi a kunne a sha shayi. Mai gyaran da ya yi gaggawar gogewa don ya sallami kwastoma ya mai da matsalar minti 10 ta zama asarar shekaru. Masu sayar da injinsu kuma su sani, goge guntun ba ya share hotuna da takardu idan diskin dama ba a kulle yake ba, wanda ya saya zai same su cif. Mai sayen tokumbo da ya ga injin na neman ya shiga da asusun wani kamfanin Turai bayan an yi masa fomat, shi ma gogewa ba za ta cece shi ba, domin rajistar tana can a rumbun Microsoft, sai kamfanin ya cire injin daga jerinsa.

Dokokin Nijar ba su sauko har kan guntun da sunansa ba, amma sun kama aikin. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet tana hukunta shiga tsarin kwamfutar wani da zamba, da lalata ko share ko sauya bayanansa da gangan ba da izini ba. Ma'aikacin da aka sallama ya goge guntun injin ofis kan hanyarsa ta fita don ya huce haushi, ba zai fake da cewa fayilolin suna nan a diski ba, tunda ya san ya raba masu su da su. Doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022 kan kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su daga lalacewa da faɗawa hannun da bai dace ba. Asibiti mai zaman kansa ko makarantar da ta bar BIOS a buɗe kuma ba ta san inda lambobin cetonta suke ba, da wuya ta ce ta sauke wannan nauyi.

Mai gyaran da ya goge bisa kuskure ba ɗaya yake da mai zamba ba, amma rigimar biyan diyya tana nan tana jiransa, a gaban shugaban ƴan kasuwa ko a komisariya. Abin da zai kare shi ƙaramin abu ne: kafin ya taɓa BIOS, ya buɗe injin a gaban mai shi, ya buga manage-bde -status ya ga ko diskin a kulle yake, in a kulle yake ya sa mai injin ya nuna masa lambobin 48 a wayarsa, sannan ya rubuta a rasit cewa da izininsa za a goge, mai injin ya sa hannu.