Muhammad Baƙir al-Sadr

Sayyid Muhammad Baƙir al-Sadr (1935–1980) malamin Shi'a ne ɗan Iraƙi, masanin fiƙihu da falsafa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin jam'iyyar Da'awa, wata jam'iyyar siyasa ta Musulunci a Iraƙi, a ƙarshen shekarun 1950.

An haife shi a Kazimiyya, kusa da Bagadaza, a gidan malamai. Mahaifinsa, Sayyid Haidar, ya rasu ya bar shi yana ɗan ƙarami. A 1945 iyalin suka koma Najaf, cibiyar karatun addini ta 'yan Shi'a, inda ya yi karatu a gaban Ayatullah Abul Ƙasim al-Khu'i.

A wancan zamani aƙidar gurguzu ta yi ƙarfi ƙwarai a Iraƙi, har cikin matasan garuruwan Shi'a. Sadr ya zauna ya karanci hujjojin 'yan gurguzu, ya mayar musu da martani a rubuce. A 1959 ya fitar da littafinsa Falsafatuna (Falsafarmu), sannan Iƙtisaduna (Tattalin Arzikinmu) ya biyo baya a farkon shekarun 1960, inda ya warware ra'ayin gurguzu na Markis da na jari-hujja kafin ya shimfiɗa yadda Musulunci ke kallon dukiya da mallaka. Yana da wani littafin kuma kan yadda banki zai yi aiki ba tare da riba ba. Ko waɗanda ba su bin mazhabarsa sukan ambace shi idan ana zancen tattalin arzikin Musulunci, abin da malaman Najaf kaɗan ne suka samu.

Bayan jam'iyyar Ba'as ta karɓe mulki a 1968, an kama shi ba sau ɗaya ba. Ya yi fatawar haramta shiga Ba'as, ya kuma fito fili ya goyi bayan juyin juya halin Iran. Da aka kama shi a watan Yunin 1979, ƙanwarsa Amina, wadda aka fi sani da Bintul Huda, ta tafi hubbaren Imam Ali da ke Najaf ta yi yekuwa. Jama'a suka fito zanga-zanga, ala tilas aka sake shi, amma aka yi masa ɗaurin talala a gidansa na tsawon watanni.

A ƙarshen Maris 1980 gwamnatin Saddam Husaini ta zartar da hukuncin kisa kan duk ɗan jam'iyyar Da'awa. Cikin 'yan kwanaki aka tafi da shi da ƙanwar tasa Bagadaza, aka kashe su a watan Afrilu. An binne shi a asirce a maƙabartar Wadis Salam da ke Najaf. Muƙtada al-Sadr, fitaccen malamin Shi'a kuma ɗan siyasa a Iraƙi, surukinsa ne, yana auren 'yarsa.