Cider: ruwan tuffa ne, giya ce, ko khal?

Wani ƙanena da ya je karatu Ingila ya taɓa turo mini hoton wata kwalba mai zanen tuffa, ya ce, "Yaya, wannan lemo ne?" Na ce ya juya kwalbar ya duba ƙananan rubutun da ke jiki. Kashi 6 cikin ɗari na barasa. Ya mayar da ita inda ya ɗauko. Tun daga ranar nake tattara tambayoyin da mutanenmu ke yi kan wannan kalma, ga amsoshin wasu daga ciki.

Wai mene ne cider ɗin nan?

Ya danganta da ƙasar da kake. A Ingila, Faransa, Sifaniya da Afirka ta Kudu, cider giya ce: ruwan tuffa da aka matse aka bari ya ruɓa har sukarinsa ya koma barasa, yawanci kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. A Amurka kuwa, idan aka ce apple cider ana nufin ruwan tuffa ne zalla wanda ba a tace ba, mai duhu-duhu, wanda yara ma ke sha. Mai sa mayen suna ce masa hard cider. Na ukunsu shi ne wanda muka fi sani a nan gida, wato khal tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, wanda ake rubuta apple cider vinegar a jikinsa. Suna ɗaya, abu uku.

Hanyar kuwa ɗaya ce, wurin tsayawa ne ya bambanta. Duk wanda ya taɓa manta zoɓo ko kunun aya a rana ya san yadda yake fara kumfa da tsami. Yis ne ke cinye sukari ya mayar da shi barasa. Idan aka ƙyale iska ta shiga, wasu ƙwayoyin halitta na daban su cinye barasar su mayar da ita khal.

To perry fa? Da fiya ake yinsa?

A nan ake samun ruɗani. Abin da muke kira fiya a kasuwanninmu, mai mai a ciki da ƙaton ƙwallo, daban yake da ɗan itacen da Turawa ke kira pear. Nasu ɗan'uwan tuffa ne, mai siririn wuya da faɗin gindi. Da shi ake yin perry a Ingila, wato giya irin cider, Faransawa kuma su ce poiré.

Masu yinsa ba su da yawa. A Ingila gundumomi uku ne suka yi suna a kai: Herefordshire, Gloucestershire da Worcestershire. A Faransa kuma yankin Domfront ne a kudancin Normandi, inda doka ta kare sunan abin tun 2002. Bishiyar na daɗewa kafin ta yi 'ya'yan kirki, amma tana iya kai shekara 200 zuwa 300 tana bayarwa, shi ya sa manoman can ke cewa don magada ake dasa ta. Akwai wani nau'in sukari a cikin 'ya'yanta da yis ba ya iya ci, sunansa sobitol. Shi ke barin ɗan zaƙi a perry, shi ne kuma ke sakin cikin wanda ya cika sha.

Tuffar da muke saye a bakin titi, ita ake matsewa?

Manyan kamfanoni kan yi amfani da irinta, ƙananan masu sana'ar a yammacin Ingila da Normandi kuwa ba ita suke so ba. Na taɓa gatsar irin tasu a wata gona a Herefordshire, ƙarama ce, ja-ja, kyakkyawa a ido. Ban iya haɗiyewa ba. Baki ya ɗaure mini tamau, harshe ya yi kaushi, kamar na tauna ɗanyar kanya. Mai gonar na gefe yana ta dariya, ga alama ba ni ne baƙon farko da ya yi wa haka ba.

Wannan baurin shi ne dukiyar. Sinadarin da ke kawo shi ana ce masa tanin, kuma dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majemanmu ke jeme fata da ita. Shi kake ji a shayin da ya daɗe a kan wuta. Idan babu shi, abin da aka matse kan fito salam, ba nauyi a baki.

Cibiyar bincike ta Long Ashton da aka kafa kusa da Bristol a 1903 ta kasa waɗannan tuffa gida huɗu, bisa yawan tsami da bauri: mai zaƙi, mai tsami, mai zaƙi da bauri, sai mai tsami da bauri. Dabinett da Yarlington Mill na cikin masu zaƙi da bauri. Kingston Black da Foxwhelp na cikin masu tsami da bauri. Yawanci haɗa su ake yi, kamar yadda uwargida ke daidaita daddawa da yaji, amma Kingston Black ta yi suna da cewa ita kaɗai ma ta wadatar.

Me ya raba na ƙananan manoma da na manyan kamfanoni?

Yawan tuffar da ke ciki, da kuma haƙuri. Dokar Birtaniya ta yarda a kira abu cider ko da kashi 35 cikin ɗari ne kawai ruwan tuffa, sauran ruwa ne da sukari. Ƙaramin mai sana'a kuwa alfaharinsa shi ne ruwan tuffa zalla. Yana tattara 'ya'yan a kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sau da yawa bayan sun faɗo ƙasa da kansu, ya markaɗa, ya matse, ya zuba a ganga. Da yawansu ba sa ƙara yis na kanti, suna barin wanda ke jikin ɓawon da kayan aiki ya yi aikinsa a hankali cikin sanyin hunturu, wata da watanni. Saboda haka na bana ba ya zama daidai da na bara, na wannan gona ba ya kama da na maƙwabciyarta. Kamfani na gudun wannan bambanci, su kuwa shi suke tallatawa.

Kada a ɗauka manyan daga sama suka faɗo. Kamfanin Bulmers, da ke cikin mafiya girma a duniya, a yankin Hereford ya fara a 1887 da tuffar gonar gidan wani limamin coci, mahaifin wanda ya kafa shi. A shekarar ne kuma doka ta hana manoman Ingila biyan 'yan ƙodago wani ɓangare na ladansu da cider, abin da aka daɗe ana yi.

Idan sun ce suna ɗanɗanawa, me suke nema?

Da ido ake farawa: launin ya yi fari-fari ne ko ya yi ruwan zuma, garau yake ko da gurɓi. Sai hanci. A nan ne za ka ji suna maganar ƙanshin busasshiyar ciyawa, hayaƙi, fata, har da warin garke, kuma ba zagi ba ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yabo ne a wurinsu. Sai baki, inda ake auna abu uku: zaƙi, tsami da bauri, a ga ko wani ya danne wani. Masu alƙalanci a gasa sukan tofar bayan sun kurkure baki.

Suna kuma farautar aibu. Idan ya fara warin khal, iska ta shiga ganga. Akwai wani aibi mai ban mamaki da suke kira ɓera, don yana barin ɗanɗano irin warin kejin ɓeraye. Hanci ba ya kama shi a kofi, sai ya gauraya da yawu, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya taso a maƙogwaro. Wasu mutanen ma ba sa jinsa sam, don haka mai sana'ar da Allah bai ba shi wannan harshen ba dole ya nemi wani ya riƙa ɗanɗana masa.

Kowace ƙasa da irin nata?

Ƙwarai. Na yankunan Normandi da Biritani a Faransa ya fi zaƙi da kumfa, barasarsa kuma ba ta kai ta Ingila ba. Suna da wata dabara ta barin ruwan ya tara wani kauri mai ruwan ƙasa a samansa, wanda suke kira hula, ya kwashe abincin da yis ke buƙata, sai ruɓar ta tsaya tun sukari bai ƙare ba. A Jamus, mutanen Frankfurt na zuba nasu mai tsami daga tulun yumɓu mai zanen shuɗi.

Amma abin kallo yana Asturiyas, a arewacin Sifaniya. Nasu ba shi da kumfa, don haka mai zubawa kan ɗaga koriyar kwalba sama da kansa da hannu ɗaya, ya riƙe faffaɗan kofi a ƙasa wajen cinyarsa da ɗaya hannun, ya saki ruwan ya doki gefen kofin. Kaɗan ake zubawa, a shanye nan take kafin kumfar ta kwanta, a watsar da ɗan ragowar a ƙasa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Wanda ba ya shan giya, akwai rabonsa a wannan harka?

Akwai, kuma a ganina ba ƙarami ba ne. Gonakin nan da yawa suna sayar da ruwan tuffa zalla, kowane iri da kwalbarsa: Bramley mai tsamin da ke sa a runtse ido, Cox mai ƙanshi, Egremont Russet mai zaƙi da nauyi. Idan aka jera maka uku ka kurɓa ɗaya bayan ɗaya, za ka daina cewa tuffa ai tuffa ce. A Brogdale da ke Kent a Ingila akwai gonar adana iri mai nau'in tuffa sama da 2,000, kuma tun 1990 ake bikin ranar tuffa a Ingila kowace 21 ga Oktoba, inda ake matsewa a gaban jama'a a sha nan take.

Abin lura shi ne rubutun kwalba. Nemi haruffan ABV ko alamar kashi cikin ɗari, masu nuna yawan barasa. Savanna da Hunter's na Afirka ta Kudu giya ne, ko da kwalbar ta yi kama da ta lemo. Appletiser kuwa ruwan tuffa ne mai gas kawai. Akwai kuma waɗanda aka cire wa barasa amma aka bar kusan kashi 0.5, a nan sai mutum ya tambayi malaminsa. Ɗanyen ruwan da ba a dafa ba shi ma, idan ya kwana biyu a wajen firji ka ga kwalbar ta kumbura tana huci in an buɗe, ya kama hanya.

Khal ɗin da ke kicin ɗinmu fa, tunda ta wannan hanyar ya biyo?

E, babu khal da bai ratsa ta barasa ba, haka halittarsa take. Malamai sun yi ittifaƙi cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka, saɓaninsu yana kan wadda aka juyar da gangan, kuma hadisi ya inganta a Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Wannan gurɓin da ke kwance a gindin wasu kwalabe kamar yanar gizo-gizo, wanda masu sayarwa ke kira uwa, tarin ƙwayoyin da suka yi aikin ne, ba lalacewa ba ce. Sai dai tsaminsa na cin haƙora, don haka a sirka da ruwa sosai kafin a sha, mai gyambon ciki kuma ya fara jin ta bakin likita.