Ranar Wasanni ta Shekara a Makarantar Sakandare

Ranar wasanni rana ce da makarantar sakandare ke keɓewa sau ɗaya a shekara, a ajiye darasi, ɗalibai su fita fili su fafata a guje-guje da tsalle-tsalle a gaban malamai da iyaye. A makarantu da yawa ana raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa da launin rigarsa da kyaftin ɗinsa, shi ya sa ake kuma kiranta gasar tsakanin gidaje.

Asali

Tsarin gidaje ya samo tushe daga makarantun kwana na Ingila irin su Eton da Harrow da Rugby. Can asali gida ne na gaske, inda ɗalibai ke kwana ƙarƙashin kulawar malami guda. A ƙarni na 19 gidajen suka riƙa karawa da juna a wasanni, daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har makarantun jeka-ka-dawo suka ɗauka. Bafaranshen nan Pierre de Coubertin ya ziyarci makarantar Rugby a 1883, kuma abin da ya gani a makarantun Ingila na cikin abubuwan da suka zaburar da shi ya kafa Kwamitin Olamfik na Duniya a 1894.

A Japan an fara irin wannan rana a makarantar sojan ruwa da ke Tokyo a 1874. A Jamaika gasar makarantun sakandare ta ƙasa tana gudana tun 1910, kuma Usain Bolt ya yi gudu a cikinta yana ɗalibi.

Yadda ake gudanar da ita

Ba a fafe gora ranar tafiya: makonni kafin ranar ake atisaye da zagayen tankaɗe da rairaya, a ja layukan fili, a raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa shekaru. Ranar kanta takan fara da faretin gidaje. Sai tseren mita 100 da 200 da 400 da 800 da 1,500, da dogon tsalle, da jifan mashi da faifai da dalma, wani lokaci har da jan igiya da tseren malamai ko iyaye. Cikakken filin tsere zagayensa mita 400 ne.

Gudun miƙa sanda ne akan rufe taro da shi, kuma ya cancanci haka. Mutum huɗu ne, kowa mita 100, kuma a dokar duniya ta yanzu dole sandar ta sauya hannu cikin tazarar mita 30. Gida na iya tara gwanayen gudu huɗu ya sha kaye a hannun waɗanda ba su kai su sauri ba, don kawai waɗancan sun fi sanin hannun juna.

Lissafin maki ne ginshiƙin ranar, ko da yake 'yan kallo ba su cika lura da shi ba. Kofi na gidan da ya fi tara maki ne a dukkan wasanni. Inda ake ba da maki har ga na biyar ko na shida, ko ga duk wanda ya kai ƙarshen tsere, yaron da ba zai taɓa cin lambar yabo ba ya san gidansa na buƙatarsa. Wannan tsari ya fi na bai wa ukun farko kaɗai alheri nesa ba kusa ba, domin shi ke fito da ɗalibai masu yawa cikin fili.

Dattakon wasa

Dattakon wasa shi ne bin doka ko alƙali bai gani ba, karɓar hukuncinsa ba gardama, girmama abokin karawa, cin nasara ba gori, da faɗuwa ba ƙullata. Wasa ba faɗa ba ne. Wannan hali da wuya a koyar da shi a kan allo. A fili yake bayyana, lokacin da ɗalibi ya taka layin tsalle ya amsa laifinsa da bakinsa, ko wanda ya zo na biyu ya fara miƙa hannu.

Misalin da ya shahara ya faru a Sifaniya a Disambar 2012. Abel Mutai na Kenya yana kan gaba a wani tsere, sai ya tsaya kafin layin ƙarshe, yana zaton ya iso. Iván Fernández, ɗan Sifaniya da ke biye da shi, ya ƙi wuce shi, ya yi masa nuni da ya ƙarasa, shi kuma ya zo na biyu. Babu dokar da ta tilasta masa. Irin wannan ne ya sa wasu makarantu ke ware kyauta ta musamman ga ɗalibi ko gidan da ya fi ɗa'a.

Abin da ke ɓata ta

Mafi muni shi ne maguɗin da manya ke da hannu a ciki: rage shekarun ɗalibi don ya shiga rukunin ƙanana, shigo da wanda ba ɗan makarantar ba, ko malamin da ke alƙalanci ya karkata ga gidansa. Yaro na ganin duk wannan, kuma darasin da yake ɗauka ya fi duk wani jawabin shugaban makaranta shiga ransa. Akwai kuma ihun wulaƙanci ga wanda ya zo ƙarshe, da barin masu buƙata ta musamman a gefe.

Maganin da makarantu ke bi ya haɗa da tantance 'yan wasa da rajistar makaranta, hana malami alƙalanci a wasan da gidansa ke ciki, da ƙayyade yawan wasannin da ɗalibi ɗaya zai shiga. Haka nan ana tanadar ruwan sha da inuwa da mai ba da agajin gaggawa, a kuma sa dogayen tsere da safe ko da yamma saboda zafin rana.