Ƙaramin Kasuwanci

Ƙaramin kasuwanci harka ce ta saye da sayarwa, ko ƙera kaya, ko yi wa mutane aiki a biya, wadda mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan suka mallaka, ma'aikatanta kaɗan, jarinta ma bai taka kara ya karya ba. Kowace ƙasa da ma'auninta. A Tarayyar Turai, kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba ƙarami ne, wanda ba su kai 10 ba kuwa shi ne mafi ƙanƙanta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙanana da matsakaitan kamfanoni su ne kusan kashi 90 cikin 100 na kamfanonin duniya, kuma su ke ɗaukar fiye da rabin ma'aikata. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 27 ga Yuni.

Farawa

Sabon shiga yakan fara da gano abin da mutane ke buƙata kuma za su iya biya, sannan ya nemi jari: daga abin da ya tara, ko dangi, ko rance. Bankuna ba su cika ba marar jingina bashi ba, abin da ya sa masanin tattalin arziki Muhammad Yunus ya kafa Bankin Grameen a Bangladesh a 1983 don ba talakawa ƙananan rance, aikin da ya jawo masa shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. A tsarin Musulunci akwai mudaraba: wani ya kawo kuɗi, wani ya juya, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya.

Yadda aka yi rajista yana da tasiri. Wanda ya mallaki harka da sunansa shi kaɗai, bashinta na iya cin dukiyarsa ta gida. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa, asarar mai shi galibi ba ta wuce abin da ya zuba.

Uwar kuɗi da riba

Nan ne gizo ke saƙa. Ciniki daban, riba daban. Kuɗin da ke cikin akwati da yamma ya haɗa kuɗin sarin kaya, da na haya, da na wuta, da albashin yara. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne riba. Mai harkar da ke zura hannu ya ɗauka kullum ba tare da ya rubuta ba, uwar kuɗi yake ci, ba zai ankara ba sai ranar da ya je sari ya ga kuɗin ba su kai na kayan da ya saba ɗauka ba. Don haka ake so ya yanka wa kansa albashi, ya raba aljihunsa da na shago.

Bashi ma haka. Littafi na iya nuna riba alhali kuɗin suna hannun masu cin bashi, ga kuma mai kaya yana jira a biya shi. Harka mai riba takan durƙushe ta wannan hanyar, shi ya sa rubuta shige da ficen kuɗi ya zama dole. Tsarin da akantoci ke bi har yau, na rubuta kowace mu'amala a ɓangare biyu (inda kuɗi suka fito da inda suka tafi), masanin lissafi Luca Pacioli ne ya fara bayyana shi a bugaggen littafi a birnin Venis na Italiya a 1494.

Shekarun farko su ne masu wuya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kamfanoni kan rufe a shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara biyar.