Tirelar Ashaka da ɗan cafe kankana: tambayoyi kan momentom da imfols

Duk shekara idan jarabawar WAEC da NECO ta ƙarato, ɗalibaina na ajin ƙarshe a nan Gombe sukan tasa ni gaba da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan wannan babi na fiziks. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa a aji.

Malam, wai mene ne momentom?

Je ka bakin titin Bajoga ka jira tirelar siminti daga Ashaka. A ce ita da kayanta kilo 40,000 ne, tana tafiyar mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa. A gefenta ga Keke Napep, da fasinjojinsa kilo 600, gudunsu ɗaya. Wanne ya fi wuyar tsayarwa? Ko yaron da bai shiga firamare ba zai ce tirela. Wannan wuyar tsayarwa ita ce momentom, kuma lissafinta nauyi (m) ne a ninka da gudu (v): p = mv. Na tirela 400,000, na keke 6,000. Kafin keken ya kamo ta, sai ya yi gudun da ya kusa ninka na sauti sau biyu.

Isaac Newton, a littafinsa na 1687, "yawan motsi" ya kira shi, kuma ni sunan ya fi kwanta mini. Sai dai a kula: nauyin da nake nufi shi ne na kilogiram, wato yawan jikin abu, ba ƙarfin da ƙasa ke janyo shi da shi ba. Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya, mai makin jarabawa kuwa ba ya haɗa su.

To imfols fa? Ba abu ɗaya ba ne?

Danjuma ne da Ɗanjummai, amma kowa da aikinsa. Momentom abin da mai tafiya ke ɗauke da shi ne. Imfols kuwa abin da aka yi masa ne har tafiyar ta sauya: ƙarfin da aka sa, a ninka da tsawon lokacin da aka yi ana sa shi. A rubuce: Ft = mv − mu, inda u gudun farko ne, v na ƙarshe. Ba wata sabuwar doka ba ce, dokar Newton ta biyu ce aka juya mata riga. Shi ya sa ma'aunin imfols, N s (niyuton, wato ma'aunin ƙarfi, a ninka da sakan), daidai yake da na momentom, kg m/s.

Me ya sa kullum kake nanata lokaci?

Domin nan ne babin yake, sauran duk rakiya ne.

Ka taɓa tsayawa inda ake sauke kankana daga mota a kasuwa? Ɗaya yana sama yana jefowa, ɗaya a ƙasa yana cafewa. Dubi hannun na ƙasan. Ba ya sandarar da shi. Da kankanar ta taɓa tafinsa, sai ya bi ta, ya sauke hannuwa zuwa cikinsa, ya ɗan rusuna, sannan ya miƙa wa na bayansa. Bai taɓa jin sunan Newton ba, amma ya san in ya tare ta da hannu a ƙage, ko ta tsage ko wuyan hannunsa ya gaya masa. Momentom ɗin da zai kashe ɗaya ne, ko ya tare a ƙage ko ya bi ta. Abin da ke hannunsa kawai shi ne lokaci. Ya ja lokacin, ƙarfi ya ragu.

Mu sa lamba. Ƙwallon ƙafa nauyinta tsakanin giram 410 ne da 450. Mu ce kilo 0.4 don sauƙi. Ɗan wasa a filin Pantami ya ɗirka ta da gudun mita 25 a sakan, momentom ya zama 10. Idan gola ya tsayar da ita cikin sakan 0.01, ƙarfin da zai ji niyuton 1,000 ne, kamar an ɗora masa buhun siminti biyu. Idan ya janyo ta zuwa ƙirji, tsayawar ta ɗauki sakan 0.1, niyuton 100 kawai zai ji.

Hikimar bel ɗin mota da hular kwano ke nan. Fasinja mai kilo 60 a motar da ke gudun kilomita 72 a awa yana ɗauke da momentom 1,200. Dole ya koma sifili idan aka yi karo, babu makawa. In gilashin gaba ne ya tsayar da shi cikin sakan 0.02, niyuton 60,000 ne. In bel ne ya riƙe shi har sakan 0.1, ya sauko 12,000. Har yanzu da zafi, amma akwai bambanci tsakanin jinya da jana'iza. Direbobin hanyar Bauchi da ke rataya bel a kafaɗa don idon jami'an kiyaye haɗurra, su zare da an wuce shinge, da wannan lissafin suke wasa.

Na yi lissafin ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, an ce na faɗi. Ina kuskuren?

Na san abin da kika yi tun kafin in ga takardar. Ƙwallo ta je da 25, ta dawo da 15, kika ɗebe 15 daga 25, kika ninka da 0.4, kika sami 4. Kin manta momentom yana da alƙibla. Idan zuwa +25 ne, dawowa −15 ce. Sauyin gudu 40 ke nan, imfols kuma 16. Turken sai da ya fara tsayar da ita, sannan ya sake tura ta baya, aiki biyu. Kafin ki taɓa kalkuleta, zana kibiya a gefen takarda, ki ce nan ne gaba.

An ce momentom ba ya ɓacewa. To ina yake zuwa idan aka yi karo?

Hannu yake canzawa. Muddin babu wani ƙarfi daga waje, jimillar momentom kafin karo ita ce jimilla bayansa. Mota mai kilo 1,000 tana tafiyar mita 12 a sakan ta daki keke mai kilo 500 da ke tsaye, suka manne. Jimilla 12,000 ce, a raba da kilo 1,500: za su ci gaba tare da mita 8 a sakan.

Haka in ka yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa a Dadin Kowa, kwalekwalen zai ja baya. Haka bindigar maharbi: a ce harsashi giram 20 ne, ya fita da mita 300 a sakan, bindigar kuma kilo 4, za ta dawo baya da mita 1.5 a sakan. Shi ya sa ake manna gindinta da kafaɗa sosai, don jikin mutum ya shiga cikin nauyin da za a tura.

Da momentom da makamashin motsi, wanne zan yi amfani da shi?

Dubi abin da tambayar ta ba ka. In ta ba ka lokaci, imfols take nema. In nisa ta ba ka, makamashi ne, ½mv². Ka ninka gudu sau biyu, momentom ya ninka biyu, makamashi ya ninka huɗu. Saboda haka lokacin tsayawa da birki ninki biyu ne, nisan tsayawa kuwa ninki huɗu. A karon da aka manne kuma, kada ka ce makamashin motsi bai ragu ba. A misalin mota da keken can, jul (ma'aunin makamashi) 72,000 ne kafin karo, 48,000 bayansa. Sauran 24,000 sun tafi wajen lanƙwasa ƙarfe, da zafi, da ƙarar da ta fito da mutane daga shaguna.